Auna Danshin Katako da Hasken Leza Ba Tare da Huda Shi Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa bin gadar Third Mainland a shekarun baya ya leƙa ta wajen Ebute Metta ya ga gungumen itatuwa jere a kan ruwa, an ɗaure su da juna suna jiran injinan yanka na Oko Baba. Itacen da ya yi makonni a cikin ruwa, aka kuma yanka shi a gari mai laima irin Legas, shi ne yake komawa ƙofa da gado da kujera a hannun kafintocinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, wani lokaci ma a loda shi a tirela a nufi Kano ko Sakkwato da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sana'ar katako suka fi yi idan suka ji an ce akwai hanyar sanin ruwan da ke cikin falanki ta hanyar ɗumama shi da hasken leza, ba a yanka ba, ba a huda ba, ba a ma taɓa shi da hannu ba.

Mene ne ake nufi da danshin katako, kuma yaya ake lissafa shi?

Danshin katako shi ne nauyin ruwan da ke cikinsa idan aka kwatanta da nauyin katakon bayan ya bushe sarai. Hanyar da masana suka amince da ita, wadda kuma da ita ake gwada gaskiyar kowace sabuwar na'ura, ita ce a yanko ɗan guntu, a ɗora shi a kan sikeli, a sa shi a tanderun gwaji mai zafin digiri 103 a ma'aunin Salshiyos har nauyinsa ya daina raguwa, sannan a sake aunawa. Guntun da ya yi giram 150 kafin ya shiga tanderu, ya fito da giram 120, ya zubar da ruwa giram 30; idan aka raba 30 da 120 za a samu kashi 25 cikin ɗari. Da yake da nauyin busasshen katakon ake rabawa, ɗanyen itace yana iya wuce kashi 100, wato ruwan da ke cikinsa ya fi shi kansa nauyi.

Ruwan kuma iri biyu ne. Akwai wanda yake kwance a cikin ramukan ƙwayoyin itacen, kamar ruwan da ke cikin randa, akwai kuma wanda bangon ƙwayoyin ya tsotsa, kamar wanda jikin randar ya sha. Na farkon ne yake fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman falanki. Sai danshi ya sauko zuwa wajen kashi 30, lokacin da ramukan suka zama fanko amma bangon yana cike, sannan katako yake fara ƙanƙancewa. Wani masanin gandun daji na Amurka, Harry Tiemann, shi ya bayyana wannan iyaka a 1906, kuma har gobe a kanta ake gina ilimin busar da katako.

Me ya sa ƙofar da aka yi da busasshen katako a Legas take tsagewa idan ta je Arewa?

Saboda katako ba ya bushewa sau ɗaya a ce an gama. Kullum yana musayar ruwa da iskar da ke kewaye da shi, yana sha yana fitarwa, har sai sun daidaita. Idan laimar iska ta tsaya a kashi 80, katako yakan daidaita a wajen kashi 16. A laimar kashi 65 yakan tsaya a wajen 12. A kashi 50 wajen 9. A kashi 30 kuwa wajen 6. Iskar Legas a mafi yawan shekara mai nauyin laima ce, don haka falankin da aka jera a rumfa a Mushin, ko ya shekara yana shan iska, da wuya ya sauka ƙasa da kashi 15. Dillalin da ya rantse maka cewa katakonsa ya bushe bai yi maka ƙarya ba, bushewar Legas yake nufi. A Kano kuwa, idan hunturu ya kankama, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, katako kuma ya bi ta zuwa wajen kashi 5.

A ɗauki misalin itacen da faɗinsa yake raguwa da kashi 6 cikin ɗari tsakanin danshi 30 da sifili, wato kashi 0.2 ga kowane maki ɗaya na danshi. Idan aka harhaɗa ƙofa mai faɗin santimita 90 da shi yana kashi 17, ya je ya sauka zuwa kashi 6, ya yi asarar maki 11, faɗinsa kuma zai ragu da kusan santimita biyu. Tsawon falanki kusan ba ya canjawa, kuma raguwar da yake yi ta gefen da ya bi zoben shekarun itace ta kusan ninka wadda yake yi ta gefen da ya ratsa su. Wannan rashin daidaiton ne yake sa falanki ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, gam ya saki, ƙusa ta yi lako-lako, fenti ya dare. Ba sai an je Arewa ba ma: ofis ko ɗakin otal a Ikoyi da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana yana iya jawo katako zuwa wajen kashi 10, teburin da aka kawo daga rumfar kafinta ya buɗe baki cikin 'yan makonni. Ta ɗaya ɓangaren kuma, katakon da ya daɗe sama da kashi 20 shi ne funfuna da ruɓa suke samun wurin zama a cikinsa.

Ai akwai mitocin auna danshi tun da daɗewa. Me ya rage musu?

Akwai su, kuma suna da amfani ƙwarai. Mita mai allura biyu tana auna yadda katako yake hana wutar lantarki wucewa, domin busasshen katako ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa, jiƙaƙƙe kuwa yana bari. Alfred Stamm ne ya nuna wannan alaƙa a 1927 a cibiyar binciken kayan gandun daji da ke Madison a jihar Wisconsin ta Amurka. Mitar tana da inganci tsakanin wajen kashi 7 zuwa 30, amma tana barin huda biyu a duk inda aka soka ta, kuma gishiri ko maganin kashe gara da aka shafa wa katako suna ruɗa ta. Mita marar allura, wadda ake kifawa a kan falanki, ta dogara ne da yadda ruwa yake riƙe cajin lantarki fiye da busasshen itace nesa ba kusa ba. Ita ba ta hudawa, amma tana buƙatar fuska mai santsi da za ta zauna a kai, kuma sai an gaya mata nauyin irin itacen da ake aunawa. Tanderun gwaji shi ya fi kowa gaskiya, sai dai yana cin kwana ɗaya ko fiye, kuma sai an yanki katakon.

Abin da babu ɗaya daga cikinsu da yake iyawa shi ne auna abu daga nesa. Allon karatu na kaka da kakanni, ƙyauren tsohon gida mai sassaƙa, kayan tarihi na gidan adana kayayyaki, ko siririn ɓawon katako da ke gudu a kan bel ɗin masana'anta, duk ba a son a soka musu allura. Wannan giɓin ne dabarar leza take neman cikewa.

To yaya haske zai san ruwan da ke cikin itace?

Hasken ba ya ganin ruwan. Aikinsa kawai shi ne ya zuba wani adadin zafi sananne a kan ɗan wuri ƙarami na fuskar katako, na tsawon lokaci sananne. Abin da ake aunawa shi ne yadda katakon ya karɓi wannan zafi: digiri nawa wurin ya hau, da sauri ko a hankali, kuma yaya ya huce bayan an kashe hasken.

Ruwa yana canja amsar ta hanya biyu. Ta farko, ruwa maci zafi ne. Kafin giram ɗaya na ruwa ya hau digiri ɗaya sai ya sha jul 4.18 na makamashi, alhali giram ɗaya na busasshen katako jul 1.25 ko kusa da haka ya ishe shi. Busasshen guntu mai giram 100 yana buƙatar wajen jul 125 ya hau digiri ɗaya. Idan ya sha ruwa giram 20, buƙatarsa ta haura jul 200. Ta biyu, ruwa yana kai zafi gaba fiye da iskar da ke cikin ramukan busasshen itace har fiye da ninki ashirin, don haka jiƙaƙƙen katako yana saurin kwashe zafi daga fuskarsa ya tura shi ciki. Duka biyun suna ja ta gefe guda: wurin da leza ta haska a jiƙaƙƙen falanki ba zai yi zafi kamar na busasshe ba. Kowace uwar gida ta san wannan ba tare da lissafi ba, domin ta ga yadda ɗanyen icce yake shanye wutar murhu yana huci, busasshe kuwa ya kama nan take.

Akwai wani abu da ya kamata mai son fahimtar al'amarin ya lura da shi. Masana suna bambanta saurin yaɗuwar zafi a cikin abu da kuma ƙarfin abu na tsotse zafi daga fuskarsa. Danshi ba ya canja na farkon sosai, saboda yana ƙara saurin kai zafi gaba kuma a lokaci guda yana ƙara yawan zafin da ake buƙata, sai su kusan soke juna. A na biyun kuwa haɗuwa suke yi su ƙarfafa juna. Shi ya sa hawan zafin fuska ya fi nuna danshi a fili fiye da lokacin da zafi ke ɗauka kafin ya ratsa falanki.

Da me ake karanta zafin tun da ba a taɓa katakon?

Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infared, kuma William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800. Yawan wannan haske yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Ana saita na'urar da ke jin sa a kan wurin da leza ta haska, ko kuma a yi amfani da kyamarar zafi, wadda yawanci take aiki a tsawon igiyar haske tsakanin maikiromita 8 zuwa 14, ta ɗauki hoton yadda ɗumin yake bazuwa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kwamfuta ce take kwatanta wannan da abin da aka riga aka auna a samfuran da aka san danshinsu.

Ana haskawa ta salo biyu. Ko dai a yi walƙiya ɗaya a bi yadda wurin yake hucewa, ko kuma a riƙa kunnawa da kashewa a kan ƙa'ida, zafi ya riƙa shiga katakon kamar igiyar ruwa, a auna jinkirin da ke tsakanin hasken da amsar katakon. Salo na biyu ya fi jure ruɗani, domin jinkirin bai damu sosai da duhu ko hasken launin fuskar ba.

Ba da leza ake yanka katako da zana suna a jikinsa ba? Ba za ta ƙona kayana ba?

Injin zane da ake gani a shagunan masu yin alluna da kyaututtuka yana tattara wat masu yawa a kan ɗigo ɗaya domin ya ƙona. Katako yana komawa gawayi a wajen digiri 300. Aikin awo kuwa yana buƙatar ɗumin digiri kaɗan ne kacal, ana kuma baza hasken a kan wuri mai ɗan faɗi. Akwai ma dalilin da ya sa mai awo ba zai so zafi mai yawa ba ko da ba a kai ga ƙuna ba: da zarar fuskar ta yi zafi sosai ruwa zai fara tashi, kuma kowane giram da ya zama tururi yana tafiya da jul 2,260 ko kusa da haka, sai lissafin ya ɓaci, na'urar kuma ta busar da abin da ta zo aunawa.

Har ina zafin yake kaiwa a cikin falanki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai sana'a a Legas, kuma amsarta ba ta yi wa dabarar daɗi ba. Katako ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Shi ya sa ake yin muciya da ƙotar gatari da shi. Saurin yaɗuwar zafi a cikinsa bai wuce wajen milimita murabba'i 0.16 a daƙiƙa ba, kuma lokacin da zafi yake buƙata yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da zurfi ya ninka biyu. Milimita ɗaya tana ɗaukar wajen daƙiƙa shida. Santimita ɗaya tana ɗaukar wajen minti goma. Tsakiyar falanki mai kaurin inci biyu kuwa sai an haura awa ɗaya. Idan ana kunna leza da kashe ta sau ɗaya a daƙiƙa, labarin da yake dawowa na kusan rubu'in milimita ne na sama-sama. Ko an rage saurin sau ɗari, milimita biyu da 'yan kai za a samu.

Ma'anar wannan ita ce awon leza na 'yan daƙiƙoƙi labarin fatar katako yake bayarwa. Katako kuma daga waje yake bushewa. Tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, da aka yanka daga gungumen da ya fito daga ruwa, aka jingina shi a rana kwana uku, fatarsa tana iya sauka ƙasa da kashi 20 alhali cikinsa yana jiƙe sharkaf. Bishiyar malaina ta yi suna a wannan hali, domin tana jinkirin bushewa kuma tana ɓoye aljihunan ruwa a cikinta. Akasin haka ma yana faruwa: falankin da ya bushe sosai a ɗakin busarwa, yayyafi ya taɓa shi a bayan mota, leza za ta ce jiƙaƙƙe ne. Ruwan ciki shi ne yake tsaga ƙofa bayan wata uku, shi ne kuma leza ta fi wahalar gani. A nan tsohuwar mita mai allura ta fi ta, musamman mai dogayen allurai da aka rufe jikinsu aka bar tsini kaɗai, domin ana iya buga su zuwa zurfin da ake so. A kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kaurin falanki ake samun abin da ya yi kusa da matsakaicin danshinsa.

A ganina, inda dabarar ta fi dacewa shi ne siraran kaya, irin ɓawon da ake liƙawa a yi filawud, da fuskar da za a shafa wa gam ko fenti, inda danshin fatar shi ne ainihin abin da ake son sani, da kuma kayan da suka daɗe a wuri ɗaya har ciki da waje suka daidaita.

Na'ura ɗaya za ta iya auna iroko da obeche da maɗaci duka?

Sai an daidaita ta da kowanne. Nauyin itace yana yin irin aikin da ruwa yake yi: itace mai nauyi yana tsotse zafi daga fuskarsa fiye da marar nauyi. Obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, busasshensa bai kai kilo 400 a mita kubik ba, iroko kuwa yana wajen kilo 650. Saboda haka busasshen iroko yana iya ba da amsa irin ta obeche mai danshi, na'urar da ba a gaya mata irin itacen ba kuma ba ta da hanyar bambancewa. Ko a cikin falanki ɗaya, wurin gaɓa ya fi sauran jiki nauyi, kuma iroko yakan ɓoye dunƙulen ma'adini mai tauri kamar dutse, wanda masu zarto suka sani sarai saboda yadda yake dakushe musu haƙora. Bugu da ƙari, zafi yana bin tsawon zaren itace da saurin da ya kusan ninka na ratsa shi, don haka a kyamara ɗigon ɗumi ba ya fita da'ira, yakan miƙe kamar ƙwai, kuma awon da aka yi a bakin falanki ba zai zo ɗaya da na gefensa ba.

Daidaitawar ba ta da wata gajeriyar hanya. Sai an tara samfura na kowane irin itace a matakan danshi daban-daban, a auna su da leza, a sa su a tanderun gwaji, a haɗa amsoshin biyu. Jadawalin da aka yi da itatuwan Turai ba zai yi wa afara ko apa ko opepe aiki ba. Irin wannan aikin na cibiyoyin bincike ne, kuma a ƙasar nan binciken itace yana hannun cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan da sassan jami'o'i masu koyar da fasahar katako.

Launi da fenti da rana fa?

Duk suna shiga lissafi. Itace mai duhu yana shan hasken da ido ke gani fiye da fari, don haka zai fi zafi ko da danshinsu ɗaya. Leza mai aiki da iskar kabon, wadda tsawon igiyarta maikiromita 10.6 ne, ta rage wannan matsala, domin kusan kowane katako yana shanye ta a fatarsa ba ruwanta da launi. Fenti mai kauri yana sa a auna fentin a maimakon itacen. Falankin da ya sha rana, ko wanda iskar fanka ke kaɗawa, shi ma zai ba da amsa ta daban, shi ya sa ake yin awon a inuwa, bayan katako ya huce ya yi daidai da ɗakin.

Gungumen da suka zauna a ruwan Legas suna da gishiri. Wannan zai ɓata awon?

A nan leza ta fi mita mai allura. Ruwan tafkin Legas gauraye yake da na teku, gishirinsa kuma yakan ƙaru da rani. Gishiri yana sauƙaƙa wa lantarki hanya, don haka mita mai allura takan nuna danshin da ya fi na gaskiya. Zafi kuwa bai damu da ɗan gishirin da ya rage a itace ba. Sai dai gishirin da kansa yana jawo ruwa daga iska, katakon da ya sha shi yakan riƙe danshi na gaske fiye da ɗan'uwansa da bai shiga ruwa ba.

Daga ina dabarar ta samo asali?

Tushenta ya girmi leza. A 1880 Alexander Graham Bell ya lura cewa idan aka riƙa katse hasken rana da ke sauka a kan abu, ɗumama da hucewar da yake yi suna haifar da sauti. Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960. A 1961 Parker da abokan aikinsa a wani ɗakin gwaji na rundunar ruwan Amurka suka fito da hanyar walƙiya: a haska gaban siririn samfuri, a auna lokacin da bayansa ya kai rabin iyakar zafinsa, sai a ninka kaurin da kansa, a ninka da 0.1388, a raba da wannan lokaci, a samu saurin yaɗuwar zafi. Da fitilar walƙiya suka fara, daga baya leza ta maye gurbinta. A 1979 Nordal da Kanstad suka nuna yadda za a karanta amsar ta hasken infared daga gefen da aka haska, abin da ya sa ba sai an samu damar kaiwa bayan abu ba. Auna danshin katako reshe ne na wannan babban fanni, wanda aka fi amfani da shi wajen gwada ƙarafa da yumɓu da kaurin fenti.

Bindigar auna zafi mai jan ɗigo, irin wadda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona, za ta yi wannan aiki?

A'a. Jan ɗigon da ke jikin irin waɗannan bindigogi na saiti ne kawai, ba ya ɗumama komai, na'urar kuma zafin fuska take karantawa ba danshi ba. Haka ma kyamarar zafi ita kaɗai: tana iya nuna wurin da ya fi sanyi saboda ruwa yana tashi daga gare shi, amma ba ta faɗin kashi nawa ne. Akwai kuma wata na'ura ta daban da masana'antu ke ratayawa a saman bel, wadda take auna yadda ruwa yake shanye haske a tsawon igiya na nanomita 1,450 da 1,940. Ita hasken da ya dawo take karantawa, ba ɗumi ba, kuma ita ma a fata take tsayawa.

Akwai haɗari ga mai aiki da ita?

Akwai, kuma ido ne ya fi shiga haɗari. Hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 1,400 yana ratsa ido ya taru a kan tantanin gani da ke can ciki, wanda kuma ya wuce 700 ba a ganinsa, don haka mutum ba zai ƙifta ba har ɓarna ta auku. Wanda ya fi haka tsawo yana tsayawa a gaban ido, amma yana iya ƙona shi. Ƙa'idar duniya ta kasa leza zuwa aji 1 har zuwa 4, kuma wadda take haskawa ba yankewa da ƙarfin da ya wuce rabin wat tana aji na huɗu, mai iya ƙona fata da tayar da wuta. Tabarau na kariya sai wanda aka yi domin tsawon igiyar wannan leza takamaimai. Gilashin walda ko baƙin tabarau na kasuwa ba su isa ba. Wanda ya san yadda gobara ta sha cin Oko Baba da kasuwar katako ta Amu a Mushin ba sai an gaya masa abin da garin katako yake yi idan ya haɗu da tartsatsi ba.

Ni ƙaramin kafinta ne, ina da aikin ƙofofi da za a kai Kano. Me zan yi yau?

Malam, abin da za ka samu a hannun masu sayar da kayan aiki shi ne mita mai allura ko marar allura. Ɗumamawa da leza har yanzu ta fi zama a ɗakunan gwaji. Ka nemi mai allura, ka auna nesa da bakin falanki da aƙalla tsawon kamu biyu, domin baki ya fi saurin bushewa, ka kuma yanka falanki ɗaya a tsakiya ka soka allura a sabon yankan ka ga bambancin ciki da waje. Wajen jera katako ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa sanduna masu kauri ɗaya tsakanin layi da layi, kowace a saitin ta ƙasanta, ka rufe sama ka bar gefe a buɗe.

Idan kana da sikeli mai kyau, ka ware guntu ɗaya a matsayin shaida. A ce nauyinsa giram 2,000 ne, gwajin ɗan yankin da ka cire daga jikinsa kuma ya nuna kashi 40. Ka raba 2,000 da 1.4, za ka samu giram 1,429, nauyinsa ke nan in babu ruwa ko kaɗan. Ka mayar da shi cikin jerin, ka riƙa auna shi duk mako. Ranar da ya nuna wajen giram 1,670 ya kai kashi 17, kuma za ka ga daga nan ya kusan daina sauka, domin iyakar abin da iskar Legas za ta ba ka ke nan. Aikin Kano yana buƙatar kashi 8 ko kusa da haka, wato wajen giram 1,540. Giram 130 ɗin da suka rage sai dai ɗakin busarwa ya cire su, ko kuma ka tura falankan Arewa a yanke, a jera su a inuwa su sha hunturu na wasu makonni, sannan a goge su a harhaɗa ƙofofin a can.